Kada ka toshe wa tukunya zufa

Ka tambaye ni, ɗana, kan tukunyar nan tamu ta sanyaya kayan miya, wadda ake sa ƙarama a cikin babba, me zai hana mu shafe bayan babbar tukunyar da fentin mai, ta yi ƙyalli, ta daina naso, masu saye su fi sonta. Tunanin ciniki ne, ban ƙi ba. Amma kafin ka buɗe gwangwanin fenti, faɗa mini: me yake sanyaya tumatirin da ke ciki?

Na san za ka ce ruwa. To ai jarkar roba ma cike take da ruwa, amma bar ta a tsakar gida da azahar ka ji yadda zai yi ɗumi. Ficewar ruwan ce ke kawo sanyin. Ka zuba yashi tsakanin babbar tukunya da ƙarama, ka jiƙa shi. Ruwan ya bi ƙananan ƙofofin jikin yumɓu ya tsattsafo waje, iska ta kwashe shi, yana tafiya yana jan zafin ciki. Kamar dai ka yi zufa a gona iska ta buso ka. Wannan nason da kake ƙyama shi ne aikin gaba ɗaya. Ka shafa fenti, ka toshe ƙofofin, ka sayar wa mutane kyakkyawar tukunya mai ruɓar da kayan miya.

Tun kakanninmu kowa ya san ruwan randa da sanyi. Abin da Malam Mohammed Bah Abba ya yi a Jigawa, shi malamin makaranta daga gidan magina tukwane, shi ne ya tsaya ya yi nazarin dalilin, ya juya shi kan kayan lambu. Gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27 a tukunyarsa, har kamfanin Rolex ya ba shi kyauta a 2000. Yumɓun nan namu ne ya yi amfani da shi, ba wani daga Turai ba.

Idan ka riƙe dalilin, da kanka za ka ga inda gyara zai shiga. Ta waje so ake ta sha iska, saboda haka kada a dalaye bayanta sumul, kada kuma a gasa ta har jikinta ya toshe. Ɗan ƙaiƙayi a cikin kwaɓin yakan ƙone a wuta ya bar ƙofofi, amma in ka cika hannu, ta yi rauni ta fashe a kan jaki kafin a kai kasuwa. Ta cikin kuwa ba ta bukatar naso ko kaɗan. Can ne ya kamata ka kai dabararka ta toshewa, don ko ruwan rafi aka zuba wa yashin kada ya ratsa ya taɓa abinci. Sai dai ba da fentin mai ba, abin ci ake sawa.

Za ka kuma ji ƙorafi da damina, a ce tukunyarku ta daina aiki. Kada ka ruga ka sake kwaɓi. Iska ce ta ƙoshi da laima, ba ta ɗaukar ruwa kamar ta hunturu da bazara. Wata kuma a kusurwar ɗaki ta kulle ta, ko ta manta da jiƙa yashi safe da yamma. Ka fara tambayar inda aka ajiye ta.

Ban hana ka gwaji ba, ka ji. Abu ɗaya dai ake sauyawa a lokaci guda. In ka sake yumɓu, ka sake yashi, ka ƙara fenti, ko ta yi kyau ba za ka san wa za ka gode wa ba. Ɗauki biyu daga gashin jiya, girma ɗaya, ka fente ɗaya ka bar ɗaya. Zuba musu tumatir daga kwando guda, ka rufe kowacce da jiƙaƙƙen tsumma, ka jera su a inuwar darbejiyar nan. Kuɗin fentin dai daga aljihunka.