Albarushin da ya tsufa ba sanyi yake yi ba

Tambaya: Mahaifina maharbi ne, ya rasu ya bar gwangwani biyu na albarushin cika harsashi, irin na kanti mara hayaƙi. Sun fi shekara 15 a ɗakin kwano. Da na buɗe ɗaya, wani wari mai yaji ya doke ni, murfin ya yi tsatsa ta ciki, ga ƙura ja-ja a kai. Abokan farauta sun ce ƙarfinsa ne ya ragu, in riƙa ƙara awo. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, kada ka cika ko kwanson harsashi ɗaya da wannan gwangwanin. Lafiyayyen albarushi ƙamshin sinadari yake yi sama-sama, kamar na abin goge farce. Wari mai yaji, tsatsa da jar ƙura kuwa shaida ce cewa maganin da masana'anta ke sakawa don hana shi ruɓewa ya ƙare. A wuri mai sanyi da bushewa yakan yi shekaru gommai lafiya, amma zafin ɗakin kwano a watan Afrilu yana cinye masa kwana.

Maganar "ƙara awo" ita ce ke ƙona mini rai, kusan kullum sai na ji ta. Sun ɗauki halin baƙin albarushin gargajiya, wanda ke yin sanyi in ya sha laima, sun ɗora wa wannan. Ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Shi mara hayaƙi in ya lalace, ƙwayoyinsa marmashewa suke yi, rufin da ke rage saurin cinsa ya tafi, sai ya iya kamawa da ƙarfin da ya wuce awonka. Ka ƙara a kan haka, bindiga ta fashe a hannunka, fuskarka na jingine da ita. Mai ba ka shawarar ba ya wurin ranar da za a yanke yatsu. Kuma ko ba a taɓa shi ba yana iya kama wuta da kansa. Haka jirgin yaƙin Faransa, Liberté, ya tarwatse a tashar Tulon a 1911, bayan wani jirginsu mai suna Iéna ya tarwatse a 1907.

Kada ka gauraya shi da sabo, kada ka zuba shi a harba-ka-ruga, kada ka shanya shi a rana. Fitar da gwangwanayen biyu daga ɗakin yau, ka ajiye su a inuwa nesa da murhu da yara, sannan ka sanar da 'yan sanda su turo masu kwance bam su ɗauka.