Kyamarar mota: mai ido ɗaya ko mai ido biyu?

Ka tambaya ko ka sayi kyamarar mota mai ɗaukar gaba kawai a 4K (hoto mai fitowa tar sosai), ko mai ɗaukar gaba da baya a 1080p (hoton da bai kai na 4K fitowa tar ba), tunda kuɗinsu kusan ɗaya ne. Ɗauki mai ido biyun, ɗan'uwa. Idan wani ya buge ka ta baya, mai ido ɗaya ba abin da za ta nuna sai girgizar mota, alhali 1080p ta isa a karanta lambar motar da ke kusa da kai da rana.

Sharaɗi ɗaya dai nake roƙonka ka kula da shi: ka duba ko batirin litiyam ne a cikinta ko sufakafasita (wata 'yar na'ura da ke riƙe wuta na ɗan lokaci a maimakon batir). Tawa ta farko mai batir ce. Motar tana yini a rana, cikin 'yan watanni batirin ya kumbura, ranar da wani ya goge mini ƙofa ya gudu kuwa ban samu ko daƙiƙa ɗaya na bidiyon ba. Har yau abin yana yi mini ciwo. Mai sufakafasita ta fi jure zafin da ke taruwa a bayan gilashi, kuma tana samun damar adana bidiyon ƙarshe kafin ta mutu.