Tambaya da Amsa: Yaya zan ɗaura madubin saiti a kan bindigar farauta ba tare da na kashe kuɗi da yawa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Texas, Amurka. Tun ina yaro nake bin kakana daji da bindigar toka, bana kuma na samu lasisin farautar barewa a nan. Na sayi Remington 700 ta hannu mai cin harsashin .30-06, da madubin saiti 3-9x40. Saura abin da zai riƙe madubin. Na ga zobba na dala 12 a intanet, na ga na dala 200. Aljihu ya yi sanyi. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a. Ka bar na dala 200 ga masu gasar harbin nesa, na dala 12 kuma ka bar shi inda ka gan shi. Yawancin masu arhar nan an ƙera su ne don bindigar wasan yara mai harba ƙwallon roba. Ita .30-06 tana da naushi, duk harbi sai ta doki kafaɗa, madubin kuma yana neman zamewa gaba cikin zobban. In ƙarfen mai taushi ne, sukurori su saki, saitin jiya ya tashi a banza yau. Sai ka yi ta ƙona harsashi kana zargin madubi, a ƙarshe ka raunata dabba ta gudu da ciwo. Arha ba ta ado.

Ka fara da awo. Kaurin jikin madubi irin naka yawanci inci 1 ne, wato milimita 25.4, amma akwai na milimita 30. Duba kwalinsa, domin zoben wannan ba ya kama wancan. A saman Remington 700 akwai ramukan sukuru huɗu da kamfani ya huda, kuma .30-06 tana cikin masu dogon gida (long action, wato gidan da harsashi ke shiga dogo ne), don haka duk abin da za ka saya ka tabbata an rubuta na dogon gida ne.

Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka ɗaura mazauni a kan bindiga sannan ka ɗora zobba a kansa, ko ka sayi zoben da aka ƙera haɗe da mazauninsa. Ni na biyun nake ba mafarauci shawara. Talley Lightweight da DNZ Game Reaper duk irinsa ne, kuma farashinsu yana tsakanin waɗancan biyun da ka gani. Sayayya ɗaya ce, ba nauyi, sukurorin da za su iya kwancewa kuma sun ragu.

In kana da niyyar riƙa sauya madubi nan gaba, to ɗauki hanyar farko, amma ka kula da wani tarko. Mazaunin Picatinny, wanda sojojin Amurka suka tsayar da ma'auninsa a 1995, faɗin tsagarsa milimita 5.23 ne. Na Weaver, wanda ya girme shi, milimita 4.57 ne. Zoben Weaver yakan hau Picatinny, amma na Picatinny sau da yawa ya ƙi shiga Weaver. Ido ba ya bambance su, kuma na sha ganin mutum ya dawo shago yana faɗa alhali shi ya haɗa kayan da ba su dace ba. Mai shago zai iya tallata maka mazauni mai gangaren 20 MOA (MOA ma'aunin kusurwa ne). Wannan na masu harbin yadi ɗari shida zuwa sama ne. Barewar da za ka harba a yadi 100 ko 200 ba ta buƙatarsa.

Tsayin zobe shi ne inda sababbi suka fi kuskure, suna ganin mai tsawo ya fi kyau. Madubi mai baki milimita 40 yakan zauna a kan gajere ko matsakaici. Abin nema shi ne bakin madubin kada ya taɓa bututun bindiga, hannun ɗana harsashi ya ɗagu bai goge shi ba, kuncinka kuma ya kwanta a gindin bindiga idonka na kallon tsakiyar madubi ba ka ɗaga kai ba.

Canjin da ya rage maka, sayi sukudireba mai auna ƙarfin ɗauri, irin Wheeler FAT Wrench, ko ka ara wajen abokin farauta. Mu da muka saba da ɗaurin bakanike sai mun ji sukuru ya yi ƙara muke yarda ya ɗauru, to a nan wannan ɗabi'a tana lotsa jikin madubi. Sukurorin saman zobe galibi inci-fam (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 15 zuwa 18 suke so, amma adadin da ke takardar kamfanin shi ne hukunci. Goge mai daga ramukan, ɗiga Loctite shuɗi, wato gam mai hana sukuru kwancewa, a sukurorin mazauni kaɗai. Jan Loctite ba ya kwancewa sai da zafin wuta.

Kafin ka taɓa komai, cire harsashi ka leƙa ciki ka tabbata ba komai. Kafin ɗaurin ƙarshe, sa rigar da za ka shiga daji da ita, ɗauki bindiga a kafaɗa, matsar da madubin har ya zama kamar inci 3 zuwa 4 daga idonka. In ya matso fiye da haka, harbin farko zai tsaga maka gira. Daidaita layin ciki ya tsaya cak, ɗaure sukurori bi da bi har gibin gefe biyu ya zo ɗaya. Sannan ka je filin gwaji, fara saiti a yadi 25, ka kammala a 100. Bayan harbi ashirin sake auna sukurorin, kuma ka gama duk wannan tun Oktoba, domin farkon Nuwamba ake buɗe kakar farautar barewa da bindiga a Texas.