Wanda nake bi kuɗin albasa ya fito takarar majalisa a Sakkwato

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Tawa:

"Metir, barka da aiki. Akwai wani mutum da muka daɗe muna cinikin albasar Galmi, ina loda masa yana kaiwa Nijeriya. A kakar bara waccan ya ɗauki buhu 220, ya biya wani abu, saura sefa miliyan 3 da jaka 400 har yau. Yanzu na ji jam'iyya ta tsayar da shi takarar majalisar dokokin jihar Sakkwato a wata mazaɓa ta bakin iyaka. Na san a Ƙonni aka haife shi, kuma ban taɓa jin ya yi boko mai nisa ba. An ce mini ina da haƙƙin in karɓo takardunsa duka, da na kotu da na dukiyarsa, in kai ƙara a soke takarar, in kuma watsa a Facebook. Ta ina zan fara?"

Amsa:

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ka haɗa abu uku a buhu ɗaya: ganin takardu, soke takara, da karɓar kuɗinka. Na farko yana yiwuwa, amma ba duka takardun ba. Na biyu, a yadda na fahimci doka, ba hurumin ka ba ne. Na uku shi ne ainihin maganar, kuma shi ne ka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ka kuma riƙe cewa rabin wannan zance dokar Nijeriya ce, don haka kafin ka kashe ko dala a can, sai lauyan da ke aiki a kotunan Sakkwato ya tabbatar maka, musamman da yake dokar zaɓensu ba ta cika shekaru ba a taɓa ta ba.

Takardar da ta fi amfani ita ce fom ɗin da ake kira EC9, wanda a da ake ce wa CF001. Rantsuwa ce da kowane ɗan takara ke yi, jam'iyyarsa ta miƙa wa hukumar zaɓe ta INEC: suna, rana da wurin haihuwa, ƙasa, makarantun da ya yi da shekarunsu, ayyukan da ya riƙe, da amsa ko an taɓa yanke masa hukunci. Ana haɗawa da kwafin takardun makaranta da shaidar haihuwa. Sashe na 29 na dokar zaɓe ta 2022, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2026, ya ce a manna waɗannan bayanai a mazaɓar cikin kwana 7 da karɓarsu, kuma kowane mutum na iya neman kwafi mai hatimi, ya biya kuɗin da aka ƙayyade, a ba shi cikin kwana 14. Dokar cewa ta yi "kowane mutum", ba ta ce mai katin zaɓe ba. Duk da haka, a aikace ya fi sauƙi lauya ko wani ɗan uwa da ke can ya rubuta wasiƙar zuwa ofishin hukumar na jiha, ya ajiye kwafin da aka buga wa tambarin karɓa. Hoton da wani ya ɗauko da waya daga jikin bango ba ya zama hujja a gaban alƙali.

Idan fom ɗin ya zo, kada ka tsaya kan abin da ya rubuta da hannunsa kawai. Jera takardun ka kwatanta. Sunan da ke takardar firamare shi ne a ta sakandare, ko ya sauya ba tare da takardar sauya suna ba? Shekarar haihuwa ta yi daidai da shekarar gama makaranta, ko lissafi ya nuna ya gama firamare yana ɗan shekara biyar? Irin wannan ne ke kayar da mutane. A ranar 13 ga Fabrairu 2020, ana gobe rantsarwa, Kotun Ƙolin Nijeriya ta soke nasarar zaɓaɓɓen gwamnan Bayelsa saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa.

Sauran abubuwan da aka ce maka haƙƙinka ne, a nan sai ka rage buri. Takardar bayyana kadara ba ɗan takara ke cika ta ba. Sai wanda ya ci zaɓe, kafin ya kama aiki. In mutumin bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba, babu ita ma sam. In kuma akwai, hukumar ɗa'ar ma'aikata da ke ajiye ta ta saba ƙin bayarwa, duk da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Hukuncin kotu a buɗe yake, ana karɓar kwafi wurin magatakarda, amma sai ka san kotun da lambar shari'ar, domin ba wani rumbu guda da za ka buga suna komai ya fito. A nan gida Nijar kuwa, kaziye, wato takardar da ke nuna ko an taɓa ɗaure mutum, mai ita kaɗai ake ba wa. Kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai fito maka da ta wani ta bayan gida, domin kai da shi za ku shiga uku. Abin da za ka iya dubawa cikin sauƙi shi ne rajistar kasuwanci: ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a intanet idan a Nijeriya ya yi rajista, ko ta RCCM a ofishin magatakardar kotu idan a nan ne. Wannan zai nuna maka ko da sunansa yake ciniki ko da sunan kamfani, kuma za mu dawo kansa.

Yanzu maganar soke takara. Wanda ya ce maka kowa na iya kai ƙara bai yi ƙarya ba, tsohon labari ya ba ka. Haka abin yake a dokar 2010. Ta 2022 ta taƙaita shi: wanda ya shiga zaɓen fid da gwani na jam'iyyar tare da shi ne kawai zai iya zuwa Babbar Kotun Tarayya ya ce an yi ƙarya a rantsuwar. Ko shi ma kwana 14 kundin tsarin mulki ya ba shi daga faruwar abin da yake ƙorafi a kai, kuma kotunan can ba sa sassauci kan wannan wa'adi. Bayan zaɓe, ɗan takarar da ya faɗi ko jam'iyyarsa ne ke da bakin magana, cikin kwana 21 da sanar da sakamako. Ɗan kasuwar Tawa da ke bin bashi ba ya cikin ko ɗaya.

A ce ma kana da hurumin, hujjojin naka biyu ba su da ƙarfin da kake zato. Haihuwa a Ƙonni ba ta raba mutum da zama ɗan Nijeriya. Sashe na 25 na kundinsu na 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, muddin uwa ko uba ɗan ƙasa ne, ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Gida nawa ne tsakanin Ƙonni da Illela da ba haka suke ba? Gaskiya sashe na 107 ya hana wanda ya ɗauki wata ƙasa da son ransa, amma an jingina shi da sashe na 28, kuma kotuna sun sha fassara shi da cewa bai shafi ɗan ƙasa ta haihuwa ba. Nijar ma tun 2014 ta yarda da riƙe ƙasa biyu. Inda matsala za ta iya tasowa shi ne in ya rantse cewa a wani gari aka haife shi alhali ba haka ba ne, kuma ko a nan sai ƙaryar ta taɓa sharaɗin cancanta.

Boko kuma, sashe na 106 shekara 25 yake nema, da zama ɗan jam'iyya, da karatu har matakin sakandare ko makamancinsa. Wannan "makamancinsa" sashe na 318 ya buɗe shi sosai, har takardar gama firamare na iya shiga idan an haɗa ta da wasu sharuɗɗa. Ƙarancin karatu ba kasafai yake kayar da ɗan takara ba. Takardar jabu ce ke kayarwa. Shi ma bashi ba laifi ba ne. Sai kotu ta ayyana mutum a matsayin wanda ya karye, ko ta same shi da zamba ko rashin gaskiya cikin shekara 10 kafin zaɓen, sannan ya zama abin hani. Tsarewar 'yan sanda ko ƙarar da ba a yanke ba ba ta kai nan ba.

Facebook ne ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka. Mutumin yana Sakkwato, amma kai da wayarka kuna Tawa. Dokarmu ta laifukan intanet ta 2019 an cire mata ɗauri kan ɓata suna a 2022, sannan aka mayar da shi a watan Yuni 2024: shekara 1 zuwa 3, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Nijeriya ma tana da tata dokar ta 2015, kuma kai mai tsallaka iyaka ne. Kwafin takarda mai hatimi da aka nuna yadda take abu ne daban da rubuta "ɓarawo" ko "mai takardar jabu" a ƙarƙashin hoton mutum, tunda na biyun sai ka tabbatar da shi. Turawa a zauren WhatsApp na 'yan kasuwa ma watsawa ce, ko da wani ya rubuta kai ka tura. Mafi muni shi ne ka aika masa saƙon murya ka ce ya biya ko ka tona masa asiri. Wannan na iya zama laifin karɓar kuɗi da barazana, ko da kuɗin naka ne halak malak, kuma ka ba shi hujja da bakinka.

Mu dawo ga albasa. Ban ga dalilin da mutumin da ke da kuɗin buga fosta zai riƙe wa abokin cinikinsa kuɗi kaka biyu ba, amma ban ji ta bakinsa ba, wataƙila yana da zancen kayan da suka ruɓe a hanya. Abin da ya kamata ka sani shi ne lokaci na tafiya. A dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke aiki da ita tare, wa'adin kai ƙara kan saye da sayarwa tsakanin 'yan kasuwa shekara 2 ne, ba 5 ba kamar sauran basussukan kasuwanci. Ka ce bara waccan. Ka duba littafinka yau ka ga ranar da aka yi alkawarin biya. Idan ya amsa bashin bayan nan, lissafin na iya farawa sabo, shi ya sa kada ka goge ko saƙo ɗaya. A harkar kasuwanci ana karɓar hujja kowace iri: littafin bashi, rasit ɗin kuɗin da ya turo, takardar lodi, direban da ya ɗauki kayan, dillalin da ya tsaya. A nan ne rajistar da na ambata ke da amfani, domin in kamfani ne ya saya, kamfanin za ka bi, ba aljihun mutumin ba.

Akwai hanyar gaggawa ta neman alƙali ya ba da umarnin biya, amma ana shigar da ita ne inda wanda ake bi yake zaune, kuma Nijeriya ba ta cikin OHADA. Ko ka samu hukunci a Tawa, in ba shi da shago ko mota ko kaya a wannan ɓangare, sai ka sake wata ɗawainiyar a can kafin ka ga ko sisi. Kuɗin lauya biyu da zirga-zirga na iya cinye rabin abin da kake nema.

Don haka shawarata sulhu ne, kuma yanzu ya fi kowane lokaci, tunda ba ɗan takarar da ke son a ji ana binsa bashi a tashar albasa. Ka samu shugaban 'yan albasa na wajenku da dillalin da ya haɗa ku, su nemi takwarorinsu na can, ko a bi ta wurin mai gari. A yi zancen bashi kawai, kada a ambaci zaɓe ko takardu. A rubuta yarjejeniya da Hausa da kuma harshen da kotu ke aiki da shi: jimillar kuɗin da lamba da kalmomi, a sefa ko a naira da farashin canjin da aka tsayar, kason farko a hannu ranar sa hannu, sauran a ranaku sanannu da suka faɗo kafin ranar zaɓe, shaidu biyu daga kowane ɓangare, da mai tsaya masa wanda dukiyarsa ke nan Nijar. In ya ƙi zama, lauya ya aika masa takardar neman biya mai wa'adi ta hanyar da za a samu shaidar ya karɓa, sannan a kawo mini littafin da saƙonnin mu duba ko shekara biyun ta cika.