Sabar ba ta gane an yanke haɗi ba, ina matsalar take?

Ɗan'uwa, ka ce idan wayar mutum ta mutu ko netwok ya ɗauke, sabar ɗinka tana nan riƙe da soket, wato ƙofar haɗinta da wayar, kamar ba abin da ya faru. Ai haka TCP, ƙa'idar da haɗin ke bi, yake, in dai ɗaya ɓangaren bai aiko FIN ko RST, wato saƙon rufe haɗi, ba to sabar ba ta san ya tafi ba, jira kawai take yi.

Ka kunna SO_KEEPALIVE, wanda ke tura ɗan gwaji ya ga ko ɗaya ɓangaren na nan, a soket ɗin da accept (umarnin karɓar haɗi) ya ba ka, amma fa shi kaɗai ba zai fisshe ka ba, don a Linux sai an yi shiru na daƙiƙa 7200, wato awa 2 cur, kafin ya tura gwajin farko, sannan ya ci gaba har gwajin ya cika sau 9 kowane bayan daƙiƙa 75. Wa zai zauna jiran wannan? Ni dai TCP_KEEPIDLE (shirun kafin gwajin farko) nake sa wa daƙiƙa 60, TCP_KEEPINTVL (tazarar gwaji) daƙiƙa 10, TCP_KEEPCNT (yawan gwaji) 3, cikin minti ɗaya da rabi recv, umarnin karanta data, zai dawo da kuskuren ETIMEDOUT, wato lokaci ya ƙure, ka rufe soket ka huta.

Inda na sha wuya shi ne, in akwai data da ka tura ba a amsa ba, gwajin ba ya tashi sam, TCP zai yi ta sake turawa kusan minti 15. A nan sai TCP_USER_TIMEOUT, wanda ke ƙayyade tsawon jiran amsa kafin a yanke haɗin.

Wajen gwadawa kar ka rufe manhajar, wannan ai sallama ce mai kyau, zare kebul ɗin kawai ka zuba ido a tcpdump, manhajar da ke nuna abin da ke wucewa a netwok.