Duk zuwa Legas sai cikina ya ɓaci: a ina zan riƙa cin abinci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikacin wani kamfani ne a Kano, ana yawan tura ni Legas in yi kwana huɗu ko biyar. A Ikeja nake sauka, aikin kuma galibi a Apapa ne ko Victoria Island. Matsalata ita ce kusan duk zuwa sai na yi gudawa, wani lokaci har da amai. Abokan aiki suna cewa yajin Yarbawa ne, wasu su ce sauyin ruwa. Na daina cin abincin buka na koma na otal, kuɗin guzurina duk a ciki yake ƙarewa, amma abin bai daina ba. Yanzu har Flagyl nake sha tun kafin in hau jirgi. Ga kuma kokwanto a kan nama, don ban san wanda ya yanka ba. Don Allah a ina ya kamata in riƙa ci, me kuma zan guje wa?

Daga wani mai karatu a Kano

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi.

Yaji dai ba shi ne ya kayar da kai ba. Barkono yana iya sa ciki ya motsa, mutum ya zaga sau ɗaya ko biyu ya ji raɗaɗi, shi ke nan. Ba ya kawo zazzaɓi, ba ya sa amai a kai a kai, ba ya sa mutum ya kwana uku yana sintiri zuwa bayi. Balle Bakano da ya tashi da yajin tsire da attaruhu. Masu cewa sauyin ruwa sun fi kusa da gaskiya, amma ba don ruwan Legas ya ƙi jinin baƙo ba, sai don abin da yake shiga cikinsa. Za mu zo kansa.

Abin da nake so ka fara lura da shi shi ne lokaci. Mutane suna ɗora laifi a kan abincin ƙarshe da suka ci, alhali sau da yawa ba shi ba ne. Idan amai ya taso maka cikin awa ɗaya zuwa shida da cin abinci, to galibi guba ce da ƙwayoyin cuta suka riga suka zuba a cikin abincin tun kafin ya iso gabanka. Idan kuwa gudawa ce da murɗar ciki da zazzaɓi, irin wadda ƙwayar cutar Salmonella ke kawowa, tana iya ɗaukar awa shida har zuwa kwana shida kafin ta bayyana. Kwalara takan nuna kanta tsakanin awa 12 da kwana biyar. Taifot kuwa sai ka koma Kano ka manta da tafiyar, bayan mako ɗaya zuwa uku, sannan zazzaɓi ya fara hawa. Ka ga ke nan mai yiwuwa shawarmar da ka ci shekaranjiya a filin jirgi ce, amma mai amalar da ka ci wa ɗazu ita ke shan zagi.

Komawarka otal bai magance komai ba, kuma ban yi mamaki ba. Ƙwayar cuta ba ta duba tsadar faranti. Abin da take nema ɗumi ne da lokaci. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selshiyos take yaɗuwa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma a firji ba. To ka tuna jerin kwanukan nan na azurfa da ake shiryawa a otal kowa ya ɗiba da kansa. An jera su tun ƙarfe goma sha biyu, 'yar wutar da ke ƙarƙashin wasu ta mutu ba wanda ya lura, kai kuma cunkoson gadar Third Mainland ya riƙe ka, ba ka iso ba sai bayan isha'i. Ka ɗaga murfi, tururi bai taso ba, sai gumi ya ɗigo daga murfin cikin shinkafar. Wannan shinkafa ba ta da zafi, ba ta da sanyi, kuma daidai yadda ƙwayar cuta ke so ke nan.

Shinkafa na ambata da gangan, don ita ce aka fi raina wa haɗari. Akwai wata ƙwaya mai suna Bacillus cereus da ke cikin ɗanyar shinkafa tun daga gona, dahuwa ba ta kashe ƙwanta. Idan shinkafar ta huce aka bar ta, sai ta farfaɗo ta zuba guba, gubar nan kuma ɗumame ba ya lalata ta. Soyayyiyar shinkafa ta fi kowace jawo wannan, saboda sau da yawa da wadda aka dafa tun ɗazu ake yin ta. Bayan ta sai haɗin kabeji da karas da ake kwaɓawa da Bama, wanda ba ya ganin wuta ko kaɗan, ga shi wutar lantarki na ɗaukewa firji ya tsaya kafin a tayar da janareta. In ka ga an ɗora shi a gefen dafadukarka, ka ce a cire. Ba abin kunya ba ne.

Yanzu kwatanta da bukar da ma'aikatan ofisoshi ke yi wa layi da ƙarfe ɗayan rana. Tukunyar amala tana kan wuta, ana tuƙawa ana kwashewa, miyar ewedu da gbegiri suna tafasa, kafin awa guda an ƙarar an ɗora wata. A ma'aunin lafiya, wannan malmala ta fi shinkafar otal ɗin can aminci. Ba cewa nake kowace buka lafiya lau ba ce. Akwai abin dubawa, kuma minti biyu ya ishe ka. Tsaya daga baya kamar kana jiran wani. Hannun da ke karɓar kuɗi shi ke ɗauko nama ya ɗora a faranti, ko cokali ake sawa? Kwanukan da aka ci a ciki, a baho ɗaya ake tsoma su, ruwan ya koma ja da manja, ko akwai na ɗauraya? Ruwan wanke hannu zuba maka ake yi daga buta, ko kwano ɗaya ne kowa ke tsomawa? In kwano ɗaya ne, gara ka sayi ruwan leda ka wanke da kanka, ko ka nemi cokali. Mafi muhimmanci kuma, abincin daga tukunya yake fitowa, ko daga kula? Kula tana riƙe zafi na ɗan lokaci ne kawai. Wadda aka cika da hantsi, zuwa la'asar ba ta da wata kariya.

Saboda haka amsar "a ina" tana tafe da "yaushe". Ka mayar da babban cin abincinka na rana, tsakanin sha biyu da biyu, a kusa da inda kake aiki, lokacin da garin kansa yake ci. Tambayi direban ofishin ko masinja inda suke ci kullum. Sun fi manaja sanin wannan, don shi manaja sai ya tura ka inda ake kai baƙi. Da dare kuma ka nemi abin da za a yi a gabanka: mai shayi ya soya maka ƙwai ya soyu sosai, ko Indomie daga kasko zuwa faranti, ko ƙosai da doya da ke fitowa daga mai, ko gasasshen kifi. Tsire ma haka, amma kada ka karɓi wanda ke jibge a gefen tire tun magariba. Ka ce a mayar da shi kan wuta har ya yi ƙara, ka kuma haƙura da ɗanyar albasa da kabejin da aka yanka da wuƙar da ta taɓa ɗanyen nama. A otal, in dole ne, ka yi odar abin da za a dafa maka sabo, ko da zai ɗauki rabin awa. In ka yi oda ta manhajar kawo abinci irin Chowdeck ko Glovo, zaɓi gidan abinci na kusa, ka ci da isowarsa. Ragowar da aka bari a ɗakin otal don karin kumallo ta sha kwantar da matafiya.

Sai ruwa, kuma a nan na fi zargin matsalarka take. Yawancin mazauna Legas ba ruwan gwamnati suke sha ba. Rijiyar burtsatse ce, da tanka, da 'yan garuwa. A unguwanni da yawa ruwan ƙasa yana kusa, ramukan masai ma suna kusa, in damina ta kankama a Yuni da Yuli ambaliya ta haɗa su. Kai kana shan ruwan roba kana ganin ka tsira, amma ƙanƙarar da aka jefa a lemonka fa? Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin nan. Zoɓon da aka ɗura a tsohuwar robar lemo fa? Kankana da abarba da aka yanka aka ɗaure a leda? A watan Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a Legas, kuma jami'an lafiya na jihar sun bayyana cewa da yawa daga waɗanda suka kamu a yankin Eti-Osa sun sha wani kunun aya da ba shi da rajista. Eti-Osa kuwa ita ce ƙaramar hukumar da Victoria Island da Lekki suke, ba wani lungun talakawa ba. Na san kunun aya da fura da nono su ke sa Bahaushe ya ji kamar yana gida, amma a tafiyar kwana huɗu ka yi musu haƙuri. Ka tsaya ga ruwan da murfinsa bai taɓa buɗuwa ba, mai lambar NAFDAC, da shayi mai zafi, da 'ya'yan itacen da za ka ɓare da hannunka kamar ayaba da lemo. Goge baki ma da ruwan roba, in ba ka yarda da famfon masaukin ba.

Batun nama bai kai yadda kake tsoro ba. Shanu da awakin da Legas ke ci galibinsu daga Arewa ake kai su, babbar mayankar jihar tana Oko-Oba a Agege, kuma mahauta Musulmi, Hausawa da Yarbawa, sun cika harkar. Hukuncin naman da ba ka san mayankinsa ba na malamai ne, su za ka tambaya. Abin da zan iya nuna maka shi ne inda ake tuntuɓe. A karin kumallon manyan otal akan jera naman alade cikin siffar tsiran Turawa ko yankakken nama mai gishiri, a gefen na sa, wani lokaci da cokali ɗaya. A gidajen abincin Sinawa da na Turawa akan sa alade ko giya a miya ba tare da an rubuta ba. A wasu wuraren shan farfesu akwai naman daji, in kuma ka ga an rubuta 404 a allo, naman kare ake nufi. Tambaya kai tsaye ba ta ɓata wa kowa rai a Legas, sun saba. In ka rasa natsuwa, kifi da wake da ƙwai da alale sun isa su riƙe ka mako guda. Ewa agoyin da burodin Agege, in waken da zafinsa, abinci ne mai riƙe ciki da araha.

Kuma kai da kake sauka a Ikeja, Agege tana nan kusa da kai, unguwar Hausawa ce tun da daɗewa. Akwai 'yan'uwa a Mile 12 da Idi-Araba, ga Obalende in aiki ya tsayar da kai a tsibiri, ga su kuma a Apapa. Tuwo da miyar kuka da masa ba sa wuya a waɗannan wurare. Sai dai jin Hausa a bakin mai abinci ba takardar shaidar tsabta ba ce. Duban da za ka yi wa bukar Bayarbiya shi za ka yi wa tata.

Guzurinka ma zai huta. A otal da manyan gidajen abinci ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, da harajin jihar Legas na kashi 5 cikin ɗari a kan abin da aka ci a irin waɗannan wurare, wasu su ƙara kuɗin hidima. Duba ƙasan takardar farashi kafin ka yi oda. Ka riƙa tafiya da kilishi, da dabino, da soyayyiyar gyaɗa a jaka, don ranar da taro ya ja ko hanya ta cushe. Yunwa ce ke sa mutum ya sayi abin da da idonsa ya ga bai dace ba.

Flagyl kuwa ka daina. Ba rigakafi ba ne. Yana aiki a kan wasu cututtuka ƙayyadaddu, irin su atunin amiba da giardiya, amma ba ya taɓa yawancin ƙwayoyin da ke sa matafiyi gudawa, ba kuma abin da yake yi wa gubar da ta riga ta shiga shinkafa. Shi kansa yana kawo tashin zuciya da ɗacin ƙarfe a baki, yana kuma dagula ƙwayoyin amfani da ke cikin hanji. Ba mamaki wani ɓangare na rashin jin daɗin da kake ji daga gare shi ne. Abin da ya cancanci gurbi a jakarka shi ne ƙunshin ORS daga kemis. In babu, ka haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ruwan leda biyu, da sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ka riƙa kurɓa bayan kowace zagawa, ka ci gaba da cin abu mai sauƙi kamar kunu ko farar shinkafa sabuwar dahuwa. Yawancin irin wannan gudawa tana tsayawa da kanta cikin 'yan kwanaki. Maganin tsayar da gudawa, wato loperamide, yana iya fitar da kai kunya ranar taro ko hawa jirgi, amma kada ka sha shi in akwai zazzaɓi ko jini a bayan gida.

Ka je asibiti a ranar, kada ka ce sai ka koma Kano, idan ka ga jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ya hana ka riƙe ruwa, ko fitsari ya ɗauke, ko bayan gidan ya koma fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa. Wannan na ƙarshe alamar kwalara ce, tana iya ƙarar da ruwan jikin babban mutum cikin 'yan awoyi. Tunda kuma abin ya daɗe yana maimaita kansa, ka kai bayan gidanka a gwada a asibiti kafin tafiya ta gaba, don a tabbatar ba wata ƙwaya ce ta zauna maka ba. In zazzaɓi ya taso bayan ka dawo gida da mako ɗaya ko biyu, ka gaya wa likita ka yi tafiya, ka kuma roƙi a yi gwajin shuka jini, wato wanda ake rainon ƙwayar cutar daga jininka a ɗakin gwaji, don gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot. Ka tambaye shi batun allurar rigakafin taifot ma, tunda zuwa Legas ya zama maka aikin yau da kullum.