Amsa ga ƙanwarmu da tunani ya hana barci

Ƙanwata, wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, kamar ni kika kwatanta. Kin ce tunani ya hana ki barci, ko salla kika tayar ba kya sanin raka'a nawa kika yi, kina so ki ji ko zaman shirun nan na lura da numfashi yana da amfani. Yana da shi, ni ganau ce.

Nawa ya faro ne a Fabrairun 2023, lokacin wahalar canjin kuɗi. Muna adashi mu 12 a nan unguwar Jekadafari ta Gombe, zubin dubu 20 duk wata, ni ce ɗaukar ƙarshe. Ranar kwasata uwar adashin ta ce kuɗin sun maƙale a banki. Sati biyu ina sintiri gidanta. Rannan na je na tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabta suka ce ai tun asuba aka loda kayanta a a-kori-kura. Matar da na yi wa ɗinkin salla kyauta shekara uku! Ranar sunan 'yarta ni na tsaya kan tukunyar shinkafa tun safe har la'asar! Na daɗe tsaye a ƙofar nan da goyo a bayana, na rasa ma kukan. Dubu 240, kuɗin da na ƙwallafa rai zan sayi sabon keken ɗinki. Har yau in na hango mai hijabi ruwan toka irin nata sai gabana ya faɗi. Na bar ta da Allah.

Wata uku ƙarfe biyun dare na yi mini ido biyu ina lissafi. Da aka auna jinina 160 bisa 100 ne. Aka ɗora ni kan magani, wata nas kuma, Allah ya saka mata, ta koya mini abin nan. Bayan sallar asuba kar ki tashi daga sallaya, wayar ma ki bar ta a wani ɗaki. Ki shaƙi numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, don jan fitarsa shi ke sassauta bugun zuciya. Minti goma ya isa. Tunanin zai zo, kar ki yi kokawa da shi, ki koma ƙirgenki kawai. Ni ranar farko ko numfashi uku ban kai ba fuskar matar nan ta faɗo mini.

Daga nan sai azkar, kin dai san aya ta 28 a Suratur Ra'ad, wadda ke cewa da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Da dare kuma tasbihin da Manzon Allah (SAW) ya koya wa Nana Faɗima, 33, 33, 34, a hankali, ba a guje ba. Ko alwala, ki riƙa jin sanyin ruwan a hannunki maimakon lissafin cefane.

Kuma don Allah matan gidan nan, ku daina yarda da ɗaukar ƙarshe babu shaida babu rubutu, ko da 'yar ɗakinku ce!

Kuɗina dai ba su dawo ba, amma a sati na uku na fara kai wa kiran assalatu ban farka ba. Maganin ma ban daina ba. Ki fara zuwa a auna jininki gobe, in kin yi sati biyu kina zaman ki zo nan ki ba mu labari.